Kira ga Masu Masana'antu: A Buɗe wa Kowane Gyara Takardarsa a Cikin Manhaja

Zuwa ga iyayenmu masu masana'antu a Kano, da daraktoci da manajojin da aka damƙa wa amanar tafiyar da su, da shugabannin Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya masu kula da Bompai da Sharaɗa da Challawa.

 

Ranku ya daɗe, ni ma'aikacin sashen gyara ne. Na tashi cikin giris da baƙin mai, yau kuma ni ke kula da samarin da ke riƙe da sifana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne a ido, har wani zai ce bai kai a kawo shi gaban manya ba. Magana ce a kan takardar aikin gyara da ake buɗewa a cikin manhajar tsara ayyukan masana'anta, wadda a filin aiki muke kira odar gyara: wa ke da izinin buɗe ta, yaushe ake buɗe ta, me ake rubutawa a cikinta. Roƙona shi ne, duk lokacin da inji ya tsaya, ko aka sa masa hannu da niyyar gyara, a buɗe masa oda a cikin manhajar nan take, kuma wanda ke tsaye a gaban injin ya zama yana da ikon yin haka, ko da tsakar dare ne.

Da yawanku kun zuba dukiya wajen sayen irin waɗannan manhajoji. Akwai SAP ta Jamus, akwai Oracle da Microsoft Dynamics na Amurka, akwai Sage, akwai Odoo ta Beljiyam da ERPNext ta Indiya, kowa da wadda ta dace da girman kamfaninsa. Ba ku yi asara ba. Tushen lissafin da suke yi tsoho ne, kuma an gwada shi ya tabbata. Joseph Orlicky, injiniya a kamfanin IBM, ya tattara shi a littafinsa na 1975: a ɗauki abin da aka yi alkawarin kai wa masu saye, a duba jerin kayan da ake haɗawa a samar da shi, a cire abin da ke sito, sai kwamfuta ta faɗi me za a sayo, nawa, kuma yaushe. A farkon shekarun 1980 Oliver Wight ya jagoranci faɗaɗa tsarin, aka shigo da awannin injuna da hannun ma'aikata da kuɗi, aka kira shi MRP II. A 1990 kamfanin Gartner ya raɗa wa manhajojin da suka biyo baya sunan ERP. Tun daga lokacin Wight ke nan, awannin da inji zai iya aiki suna cikin ƙashin bayan lissafin.

Sai dai duk girman manhajar nan, ba ta da ido, ba ta da kunne. Abin da aka shigar mata shi kaɗai ta sani. A ɗauki masaƙar buhu. An shaida wa manhaja cewa injin da ke narka roba yana fitar da zare yana aiki dare da rana, kwana shida a mako, injunan saƙa kuma duk suna tsaye da ƙafafunsu. Kaka ta gabato, dillalan Dawanau suna neman buhu, sashen sayarwa ya duba kwamfuta ya ga za a iya, ya ɗauki alkawari. A filin aiki kuwa giyabos ɗin injin zaren ya fara ƙara tun makon jiya, jiya da daddare ya tsaya, kuma injunan saƙa biyar an ciro musu kaya an gyara wasu da su. Ba wanda ya gaya wa manhajar. Za ta ci gaba da umartar a sayo roba, ta ci gaba da ba da ranar da ba za a cika ba. Ranar da dillali ya turo mota aka ce ya yi haƙuri, sai a ce manhaja ce ba ta da amfani, ko a ce kanikawa ne ba sa aiki. Gaskiyar kuwa ita ce labarin injin bai taɓa shiga inda ake lissafi ba, kuma ƙofar da zai bi ya shiga ita ce odar gyara.

Bari in faɗi yadda abin yake tafiya a wuraren da na yi aiki, da kuma yadda nake ji daga bakin abokan sana'a. Da ƙarfe biyun dare boris ya kama. Mai kula da inji ya kira foman, foman ya taso bakanike. Kwamfutar da ke da manhajar tana ofishin akanta, ofishin a kulle tun la'asar, lasisin shiga kuma na mutum biyu ne ko uku, duk masu aikin rana. Mai sito ya ba da boris a kan 'yar takarda, da sharaɗin za a shigar da safe. Da safe wani aikin ya taso. 'Yar takardar ta shiga durowa ta tarar da 'yan uwanta. Ƙarshen wata akanta ya kwaso su, ya buɗe oda guda ɗaya da sunan gyare-gyare daban-daban, ya zuba komai a ciki, don lissafin kuɗi ya daidaita. Kuma yakan daidaita. Ba na zargin akanta, ya yi abin da aka ɗora masa. Amma wannan oda ba ta san wane inji ya ci boris ɗin ba, ba ta san awa nawa ya tsaya ba, ba ta san cewa wannan ne karo na uku da wannan gurbi ya cinye boris tun shigowar hunturu ba. Kuɗin sun shiga littafi, ilimin ya zube a ƙasa.

Odar gyara ga inji kamar katin asibiti ce ga majiyyaci. Likitan da ya karɓi kati ya san abin da aka sha fama da shi, da maganin da aka ba da, da wanda jiki ya ƙi. Wanda ya zo ba kati kuwa, kullum daga farko ake fara masa tambaya.

Abin da ya kamata odar ta ɗauka ba shi da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Farko lambar inji. Mu a filin aiki da laƙabi muke kiran injuna: Tsohuwa, Na Bakin Ƙofa, Ɗan Caina, Mai Tari. Laƙabin yana da daɗi, kuma ba zai mutu ba, amma manhaja lamba take so. Ina roƙon a bi kowane inji, kowane famfo, kowane kwamfaresa, kowane janareta, a buga masa lamba a jikinsa da farantin ƙarfe, ta zama ita ce a cikin kwamfuta ba ragi ba ƙari. Manyan injuna kuma a rarraba su gaɓa-gaɓa, moton lantarki da lambarsa, giyabos da tasa, domin sau da yawa ba injin ne ke da ciwo ba, gaɓa ɗaya ce.

Sai lokaci, kuma nan ne nake so ku fi ba ni aron hankalinku. Lokuta uku ake rubutawa: sa'ar da inji ya tsaya, sa'ar da bakanike ya fara aiki da kayan da yake buƙata a hannunsa, da sa'ar da inji ya tashi ya fara fitar da kaya mai kyau. Tsakanin na biyu da na uku shi ne gyara, kuma nauyinmu ne, a tuhume mu a kansa. Tsakanin na farko da na biyu kuwa jira ne: jiran makullin sito, jiran sa hannun manaja da ya tafi gida, jiran kuɗin da za a tafi kasuwa da su, jiran direba. A abin da na gani a rayuwar aikina, jiran ya fi gyaran tsawo nesa ba kusa ba. Aikin awa biyu yakan kwana biyu a ƙasa. Muddin lokaci ɗaya ake rubutawa, wato jimillar tsayuwar inji, dukan laifin zai faɗa kan mai sifana, kuma ba za ku taɓa ganin inda kuɗinku ke tsiyayewa ba. Idan aka raba su, cikin wata biyu za ku gani da idonku ko ƙarin kanikawa kuke buƙata, ko kuwa mai sito na dare.

Sai kayan gyara. Idan aka buɗe oda aka jera abin da ake buƙata, manhaja takan keɓe kayan a sito da sunan wannan aiki. In babu su, ita da kanta takan tura buƙata zuwa sashen saye, kamar yadda take yi wa roba ko shinkafa ko fata. Wannan shi ne amfanin kasancewar gyara a cikin manhaja ɗaya da sauran aiki, ba a wani littafi na daban ba. Ina roƙon a kafa doka: ba bel, ba boris, ba giris, ba waya da za ta bar sito sai da lambar oda. Sai kuma dalilin lalacewa, wanda bakanike zai zaɓa daga gajeren jeri lokacin da ya gama: ƙura, zafi, rashin mai, hawa da saukar wuta, kayan jabu, tsufa, kuskuren sarrafawa. Kada jerin ya yi tsawo, in ya yi tsawo za a riƙa zaɓar na farko don a huta. A ƙarshe, kada mu rufe odar da kanmu. Foman na sashen sarrafa kaya shi zai tabbatar inji ya tashi lafiya, sannan a rufe. Mun yarda a sa mana wannan ido.

Duk wannan yana cikin manhajojin da kuka riga kuka biya. A SAP, ana fara shigar da sanarwar lalacewa ta lambar aiki IW21, a buɗe oda ta IW31, a tabbatar da awannin aiki ta IW41. Odoo tana da sashen kula da injuna wanda ke lissafa tsawon lokacin da inji ke yi tsakanin lalacewa da lalacewa, da tsawon lokacin da gyara ke ɗauka. ERPNext tana da takardar gyaran kadara. A wurare da dama, lokacin da aka zo kafa manhaja, sashen kuɗi da sito da sayarwa aka kunna, aka ce na gyara sai daga baya, bayan kuma ba ta zo ba har yau.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kauce masa idan an tashi kunnawa, domin na ga ya rikita sito. Gyara iri uku ne a masana'anta, kuma kowanne da irin odarsa. Akwai gyaran inji, wanda na yi ta bayani. Akwai gyaran kayan da aka sarrafa suka fito da aibi, kamar buhun da ɗinkinsa ya karkace ko tambarinsa ya ɓaci, ko kayan da mai saye ya dawo da su. Idan aka buɗe wa irin wannan aiki odar sarrafa kaya ta yau da kullum, manhaja za ta ɗauka sabon kaya ake yi: ta sake cire ɗanyen kaya daga sito a lissafi, ta sake ƙara adadin kayan da aka gama. Ranar ƙidaya sai a ga roba ta fi abin da kwamfuta ta ce, buhu kuma bai kai ba, a fara kallon mai sito da wani ido alhali bai ci komai ba. Odar irin wannan aiki dole ta zama abin da ya shiga shi ne ya fito, da ƙarin zare da awannin aiki kawai.

Na ukun shi ne gyaran kayan gyara su kansu, kuma a nan dukiya mai yawa take ɓacewa ba tare da kowa ya sata ba. Moto ya ƙone. An ciro shi, an sa na ajiya. Ƙonannen an rubuta masa takardar fita ƙofa, an kai wa mai naɗin koyil a gari. Daga wannan lokaci, a yawancin wurare, manhaja ba ta san da shi ba. Wataƙila ya dawo bayan mako uku a jingine shi a lungun bita, ba a shigar da shi sito ba, har wata rana a sayo sabo alhali gyararre na nan ƙura ta rufe shi. Wataƙila a shigar da shi da farashin sabo, lissafin kadara ya kumbura. Wataƙila kuma wanda ya dawo ba shi ne ya fita ba, tun da ba a rubuta lambarsa ba. SAP tana da oda ta musamman don wannan, IW81, kuma tana iya rarrabe kaya iri ɗaya gida uku: sabo, gyararre, da lalatacce, kowanne da ƙimarsa. Sauran manhajojin ma ana iya tsara su su bi kaya da lambar jikinsa. Da haka za a san sau nawa aka naɗa moto ɗaya, wane mai naɗi ne aikinsa ke daɗewa, da lokacin da ya kamata a haƙura a sayi sabo. Moton da aka yi wa naɗi marar kyau yakan ci wuta fiye da da, yana zafi, kuma ba ya faɗa wa kowa.

Da can ana iya kawar da kai daga wannan, yanzu kuwa hali bai bari ba. Kafin a saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati; zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Kusan duk muhimmin kayan gyaranmu daga waje yake zuwa, daga Jamus ko Italiya ko Indiya ko Caina, kuma tsakanin buɗe takardar shigo da kaya ta Form M da isowar kaya Kano daga tashar Apapa watanni ne. A Afrilun 2024 kuɗin wuta ga masu rukunin A ya koma Naira 225 kan kowane yunit. A Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda ba wutar gwamnati, janaretoci suka yi aikin da ba a ƙera su don shi ba. Kamfanin da ke da tarihin gyaransa a rubuce zai iya cewa: a shekara muna cin irin wannan boris kaza, irin wannan bel kaza, mu yi oda sau ɗaya tun da wuri daga dila na gaskiya. Wanda ba shi da shi, sai ranar da inji ya tsaya a tura yaro Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari da kuɗi a hannu. A waɗannan kasuwanni akwai 'yan kasuwa masu amana, muna hulɗa da su kullum, amma mai gaggawa ba ya zaɓe, kuma jabun boris yana zuwa cikin kwali mai kyau kamar na asali. In an rubuta a oda daga ina kayan suka fito da tsawon kwanan da suka yi, jabun zai tona kansa.

Yanayinmu ma yana da tasa rawar. Ƙurar hunturu tana toshe matatun iska da akwatunan lantarki, zafin Afrilu yana dafa moto da kwamfaresa. Littafin da maƙerin inji ya rubuta a Turai bai san da wannan ba. A 1978 Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin jiragen United Airlines sun fitar da rahoton da ya canza tunanin masu gyara a duniya, inda suka nuna cewa kashi 89 cikin 100 na sassan da suka bincika ba yawan shekaru ke kashe su ba, don haka canza su bisa kalanda kawai ba ya hana lalacewa. Ba da hasashe suka gano haka ba, daga tarin takardun gyaran jirage suka ciro shi. Mu ma ba za mu san me ke kashe injunanmu a Kano ba sai mun tara namu.

Ranku ya daɗe, akwai abin da ya fi kuɗi. Odar gyara ita ce wurin da ake rubuta cewa an kashe babban makunni, an sa masa kwaɗo, makullin yana aljihun wanda hannunsa ke cikin inji. Aikin da aka yi da baki, canjin ma'aikata na iya riskarsa: masu dare su tafi, masu safe su zo, wani ya ga inji a kashe ya kunna, bai san akwai ɗan uwansa a ciki ba. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san wani da ya rasa yatsu ko hannu ta irin wannan hanya. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a riƙa duba tukunyar tururi da tankin iska da na'urorin ɗaga kaya a kan kari, a kuma ajiye rajista. Manhaja na iya buɗe odar wannan dubawa da kanta idan lokaci ya yi. Idan kuma tsautsayi ya auku, aka zo neman diyya a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar NSITF ke kula da ita, takardar za ta kare kamfani, ta kare ma'aikaci.

Na san abin da ke sa ku ɗari-ɗari, kuma ba na raina shi. Kuna tsoron in an bai wa kowa izinin buɗe oda, za a riƙa fitar da kaya da sunan gyaran ƙarya. Tsoron yana da tushe. Amma ku duba, wace hanya ce ta fi ɓoye ɓarna: 'yar takardar da ba lamba, ko odar da ke ɗauke da sunan wanda ya buɗe, da sa'a, da inji, da wanda ya karɓi kaya? Buɗe oda daban, amincewa da kashe kuɗi daban. A bar foman ya buɗe, ya kuma fitar da kaya har zuwa wani adadin kuɗi da za ku yanka. Abin da ya haura sai da yardar injiniya, wanda ya haura wannan sai manaja, kuma su iya amincewa ta wayarsu daga gida. Tsohon kayan da aka ciro a dawo da shi sito kafin a rufe oda. Kowa kuma da kalmar sirrinsa, kada a ba sashe guda ɗaya su yi tarayya, domin in an yi haka an koma gidan jiya.

Batun tsadar lasisi, a tambayi masu manhajar, yawancinsu suna da lasisi mai rahusa ga wanda aikinsa taƙaitacce ne. Kwamfuta ɗaya a bita, a cikin akwatin da ƙura ba ta shiga, da waya ɗaya ko biyu, sun isa farawa. Ranar da intanet ta yanke, a cike fom mai lamba, a shigar kafin a tashi aikin wannan rana.

Ana kuma cewa kanikawa ba su yi boko mai zurfi ba. Wasu haka ne. Amma mutumin da ke tura kuɗi ta waya, yake tura hoton lalataccen giya ta WhatsApp, ba zai gagara danna gurbi biyar ba. Jerin dalilan lalacewa mu ne ke rubuta shi, ana iya rubuta shi da Hausa. Gurbin bayani a bar mutum ya rubuta da harshen da yake tunani da shi, ya haɗa da hoto. Abin da ke korar mutane shi ne fom mai gurbi talatin wanda aka tsara don ofis. Kuma ina tuna muku dattawanmu. Akwai waɗanda in suka ɗora sukuddireba a jikin inji suka kara kunne, za su gaya maka wane boris ne zai mutu kafin sati. Suna ritaya, suna rasuwa. Lokacin da masaƙun Kakuri suka durƙushe, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007, dalilan rufewar daban ne, fasa-ƙwauri da wuta da tsadar mai, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda dubban ƙwararrun hannaye suka watse da iliminsu a ka. Kowace oda da dattijo ya faɗi dalilin lalacewa aka rubuta, wani abu ne ya bar wa na baya.

Roƙon da zan yi yanzu shi ne mafi nauyi a zuciyata. Kada a mayar da odar gyara bulala. Ranar da aka fara yanke albashin mai kula da inji saboda yawan odar da aka buɗe wa injinsa, ko aka kira foman gaban manaja don lambobinsa sun yi yawa, daga ranar za a daina buɗewa. Za a koma gyara a ɓoye, manhaja ta nuna komai lafiya, ku kuma ku yanke shawara a kan abin da ba haka yake ba. A watannin farko adadin oda zai yi sama sosai. Ba injuna ne suka ƙara lalacewa ba, abin da ke faruwa tun da ne ya fito fili. A masana'antun Toyota, ƙaramin ma'aikaci yana da igiyar da zai ja idan ya ga matsala, kuma shugabansa zuwa yake ya taimaka. Tsarin kula da injuna da Seiichi Nakajima ya yaɗa a Japan, wanda kamfanin Nippondenso ya fara shahara da shi a 1971, an gina shi ne a kan mai kula da inji ya faɗi ƙaramar matsala tun tana ƙarama. Mutanenmu ba su fi na Japan son ɓoye laifi ba. Tsoron abincinsu suke yi. In sakaci ya tabbata a kan mutum, a hukunta shi bisa ƙa'ida, ba mu ce a ƙyale ba. Amma wanda ya kawo rahoto a gode masa.

Ga shugabannin ƙungiya kuwa, abin da kamfani ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, ku za ku iya. Kamfanoni suna biyan kuɗin horaswa ga Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa tun 1971. Ku nemi ya shirya gajeren kwas a Kano don foman-foman da masu sito da kanikawa, a kan buɗe odar gyara da rufe ta, a koyar da Hausa da Turanci, a kan kwamfuta ba a kan allo ba. Ku yi magana da Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna, da kwalejojin fasaha na Kano da Kaduna, don ɗalibin injiniya ya taɓa irin wannan manhaja kafin ya zo mana; ERPNext kyauta ce, makaranta na iya kafa ta ba tare da sayen lasisi ba. Kuma ku shawarci mambobinku, duk wanda zai sa hannu a kwangilar kafa manhaja, ya sa sashen gyara a cikin zangon farko, ya kuma zaunar da shugaban gyara a teburin da ake tsara ta, kada a kira shi bayan an gama.

Ba sai an juya kamfani gaba ɗaya a rana ɗaya ba. A zaɓi layi guda, wanda in ya tsaya kowa ke ji a jikinsa. A buga wa injunansa lamba, a bai wa foman na rana da na dare izinin shiga, a hana kaya fita sito ba oda, a yi wata uku a haka. Kowane ƙarshen wata shugaban sarrafa kaya da mai sito da akanta da shugaban gyara su zauna na rabin awa a gaban manaja, su duba injuna biyar da suka fi tsayawa, da awannin da suka tafi a jira. Idan kun ba da umarni, mu a shirye muke mu kawo littattafanmu na hannu, mu zauna da masu manhajar mu jera injunan da gaɓoɓinsu, ko da a ranar hutu ne.

Allah ya ja zamaninku, ya albarkaci masana'antunku.

Naku cikin biyayya,
ɗaya daga cikin ma'aikatanku na sashen gyara.